Godiya daga gidanmu bayan annobar citta

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya ni da iyalina, domin Allah ya ba mu ikon biyan ragowar bashin da ya hau kanmu tun daminar 2023. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa nake rubutawa a nan.

Wanda ba ɗan Kudancin Kaduna ba ne da wuya ya gane matsayin citta a wurinmu. A Kachia da Jaba da Kagarko ita ce bankin talaka. Ka tsaga, ka shanya, ka ɗura a buhu ka jingine a ɗaki, in kuɗin makaranta ya taso ka fitar da buhu ɗaya. A waccan shekarar ta 2023 na riga na ci bashi na faɗaɗa gona, sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin taki da na 'yan ƙwadago suka tashi. Damina na tsakiya ganye ya soma yin rawaya yana bushewa. Ka tona ka tarar cittar ta ruɓe a ƙasa tana wari. Ko iri ba mu tsira da shi ba. Abin da ya fi ciwo, daga baya farashinta ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, ga masu saye suna nema, ɗaki kuwa wayam.

Baba Fasto, na gode. Da kuka zo gidana ba ku ce in shuka kuɗi a bagade in girbe ninki ɗari ba, irin wa'azin da ya cika gari, wanda a ganina ciniki ne kawai aka sa masa rigar addini. Kun buɗe mana Habakuk 3:17-18, inda annabi ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, shi dai zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Manomi ne kaɗai ya san nauyin wannan magana. Ita ta riƙe ni a dararen da barci ya ƙi zuwa, ina ta lissafin da ba ya fita.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku da naku gonakin suka ruɓe kamar nawa, amma kuka haɗa masara mudu-mudu kuka kawo, kuka kuma bar wa Maman yara ɗaukar farko a adashe don kada a koro 'yarmu daga makaranta. Wata gwauruwa a cikinku ta kawo kaza. Na so in ƙi karɓa, ta ce in ba ni da niyyar hana ta albarka in yi shiru. Na yi shiru.

Matasan ikilisiya da kuka yi mini gayya a gonar masara da waken suya, Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.

Sai Alhajin da nake kai wa kaya a kasuwa, wanda shi ne mai bin mafi yawan bashin. Bai taɓa aiko mini da ɗan saƙo ba. Cewa ya yi in biya sannu a hankali, abin daga Allah ne. Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci, ya tsare dukiyarka.

Maman yara, ke kin san sauran.

Akwai gidaje da yawa da har yanzu suna cikin wannan bashi, wasu sun sayar da fili. Ku sa su cikin addu'a, wanda ke da hali kuma ya leƙa su. Bana na samu ɗan irin citta mai lafiya, zan raba da mutum biyu ko uku. Dattawan ikilisiya ne za su zaɓi waɗanda za a ba, don haka a tuntuɓe su bayan sujada.