Na'urar gano ƙarya da hannun Baba mai gadi

Shekara tara ke nan ina ɗaura wa mutane abin awon tansiyo a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Yamai, kuma abu na farko da aikin nan ya koya mini shi ne jini ba ya jiran dalili mai kyau kafin ya hau. Tsohuwa za ta zo daga Harobanda, ta haye gada cikin rana, ta zauna gabana tana kallon farar rigata, in auna in ga 17/10. In ce, "Inna, ki ɗan huta." In tambaye ta jikoki, in ba ta ruwa. Bayan minti goma sha biyar in sake aunawa, 13/8. Jikin bai canza ba, tsoron ne ya kwanta.

Bara waccan aka nemi kuɗi jikka ɗari uku a ɗakin sayar da magani aka rasa. Mai asibitin ya tara mu bayan la'asar, ransa a ɓace, ya ce wani abokinsa ya faɗa masa akwai masu na'urar gano ƙarya a waje, zai ɗauko su ko nawa ne, kowa ya zauna a gwada shi. Wanda ya ƙi, shi ya san abin da ya taka. Na dubi Baba mai gadi, dattijon da ya shekara goma sha a ƙofar nan allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Carbinsa na karkarwa. Daga baya ya ja ni gefe: "Ɗana, wannan abin, lantarki yake sa wa mutum?" Na ce a'a Baba. Amma a raina na ce, in aka ɗaura maka shi yau, kai ne ɓarawon.

Daren nan na zauna na karanta yadda abin yake aiki, sai na tarar rabinsa kayan aikina ne. Akwai madaurin hannu mai auna bugun zuciya da hawan jini, akwai robobi biyu a ƙirji da ciki masu bin numfashi, sai wasu ƙarafa a yatsu masu auna zufa. Shi ke nan. Babu inda take leƙa zuciyar mutum ta ga gaskiya. Mai gwajin yana jefa tambayoyi iri biyu, ta laifin da ake bincike da kuma ta gama-gari mai sa kowa tsarguwa, kamar "ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba tun kana yaro?", sannan ya gwada wacce ta fi girgiza jikinka. Hukuncin kuwa fassarar ɗan Adam ce.

Wani ɗan sanda mai ilimin aikin jiki, John Larson, shi ya haɗa ta a Berkeley ta Amurka a 1921. Shekara biyu kacal bayan haka, a shari'ar wani mai suna Frye ta 1923, kotu ta ƙi karɓar wani gwaji makamancinta a matsayin hujja. A 2003 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto mai kauri a kanta. Sun yarda cewa in laifi ɗaya takamaimai ake bincike, ta fi canki-canka nesa, amma tana da nisa da cika. Lissafin da suka kawo shi ya hana ni barci: a cikin ma'aikata 10,000 masu ƴan leƙen asiri 10, in ana so a kama 8 daga cikinsu, sai kusan mutum 1,600 marasa laifi sun faɗi gwajin tare da su. Mai busasshen ido kuma yakan wuce sumul. Aldrich Ames, jami'in CIA da ya riƙa sayar wa Tarayyar Sobiyat asiri, ya ci gwajin a 1986 da 1991, ba a kama shi ba sai 1994. Ƙasar da ta ƙera abin ma, tun 1988 ta hana mafi yawan kamfanoni masu zaman kansu tilasta wa ma'aikaci shi, kuma inda aka bari saboda sata, ba a korar mutum a kan sakamakon kaɗai.

Mu dai ba baƙin irin wannan ba ne. Mun san a dafa Alƙur'ani, mutanen Arewa ta Dogondutsi sun san dutsen Tunguma na wajen Lugu, da ake zuwa wurinsa don gano mai laifi. Mai dafa Alƙur'ani aƙalla ya san wa ya bar wa hukunci. Ita na'ura, saboda tana da wayoyi da allon kwamfuta, sai a ɗauka ba ta kuskure, kuma nan ne haɗarinta. Ni kaina da farko na so in ce a fara da ni, don in nuna cikina fari ne. Yanzu ba zan yi wannan gaggawar ba. In na ci, ba a gano kuɗin ba. In na faɗi, sunana ya ɓaci daga Wadata har Katako, kuma ba takardar da za ta wanke shi.

Washegari na sami mai asibitin a ofishinsa. Ban yi masa wa'azi ba, na ce, "Alhaji, ba ni hannunka." Na auna, 13/8. Sai na ce masa a hankali, ai an ce mabuɗin akwatin kuɗin na biyu yana wurinka. Ya zaro ido, ya fara rantse-rantse. Na sake matsa robar: 15/9. Ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya yi wata ƴar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce in kira masa mai lissafi da littattafan wata uku.

Kwana huɗu muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya. An gano jikka ɗari da tamanin a cikin magungunan da aka ba wani kamfani bashi ba a rubuta ba. Sauran har yau shiru. Maganar na'ura ba ta sake tasowa ba, Baba kuma yana nan bakin ƙofa da shayinsa, sai dai tun daga ranar ya ƙi yarda in auna masa tansiyo.