Kilkenny, da bakin Auta

Asabar. Jirgin ƙasa daga tashar Heuston ta birnin Dublin, a ƙasar Ireland, awa ɗaya da rabi sai ga mu a Kilkenny. Yayyafi kamar kullum, Abbansu ya bar laima a gida kamar kullum.

Gari ne da ƙafa ake gama shi. Fada a bakin kogin Nore, cocin St Canice can ɗaya ƙarshen, tsakaninsu lungunan baƙin dutse. Dangin Butler ke riƙe da fadar tun 1391, sai a 1967 magajinsu ya sayar wa mutanen gari a kan fam 50. Abbansu ya ce da yana nan da ya taya. Shi da Yaya suka hau hasumiyar cocin, siririya, kusan mita 30. Ni da gwiwoyina muka jira a ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mai yi mana jagora ta kawo labarin dokokin da aka kafa a garin a 1366. Mutanen Ingila da suka zo suka zauna, jikokinsu sun saje da 'yan ƙasa, suna auratayya, sun ɗauki yarensu. Sai aka hana su auren 'yan ƙasa, aka ce dole su yi Ingilishi, har hurling, wasan ƙwallo da sanda na 'yan ƙasa, aka haramta musu. Ita dokar kuwa da Faransanci aka rubuta ta! Yau ba abin da garin ke taƙama da shi kamar hurling.

Na yi dariya tare da kowa. Na juya na ce wa Auta, "Ka gaji ne, mu zauna?" Ya amsa da Turanci. Na maimaita. Turanci. Na ce, "Kai ba ka da bakin Hausa ne?" Ya ce ai a makaranta ba mai yi. Wannan ma da Turanci ya faɗa.

Dariyar ta koma ciki. Ashe ni ce mai dokar. Sau nawa na ce wanda bai yi Hausa ba, ba shi ba tuwona? Ta sarkin Ingila ma ba ta ci ba, balle tawa.

A jirgi ya yi barci a kafaɗata. Dab da Dublin ya farka, ido a rufe, ya ce, "Umma, fitsari." Abbansu ya kalle ni. Na kau da kai taga.