Kaskar da ba ta kai ƙwayar gero ba

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san kaska. Muna ganinta a kunnen kare da hantsar saniya, ta sha jini ta yi taf, yara su ciro ta su murƙushe da dutse. Amma kaska ta kwantar da magidanci, wannan ban taɓa ji ba sai da zama ya kawo ni jihar Pennsylvania a Amurka. Ta nan daban ce da tamu, ita ke sa wa mutum cutar da ake kira Lyme. Kaskar barewa suke ce mata, kuma 'yar ƙaramar da ta fi cizon mutane tsakanin Mayu da Yuli ba ta kai ƙwayar gero ba. Har yau ban ga wadda ta cije ni ba.

Ina da ɗan fili a lambun unguwarmu, dab da wani kurmi, inda nake shuka yakuwa da kuɓewa lokacin zafi. A durƙushe nake cirar ciyawa, wando a naɗe. Cikin watan Yuli zazzaɓi ya rufe ni, ga ciwon kai, ga wuya ya sandare. A masallaci kowa ya yanke hukunci: maleriya ce ta tashi. Shi ma likitan da na fara gani, da jin Najeriya sai ya sa aka gwada maleriyar. Ba a samu komai ba, aka ce in je in huta.

Uwargida ce ta hango tabon, a bayan cinyata, inda ni ba na iya gani. "Malam, wannan makero ne ko bugewa ka yi?" Faɗinsa ya kai tafin hannu, ya ɗan fi sauran fatar duhu, da ɗumi in an taɓa, ba ƙaiƙayi ba zafi. Kullum kuma ƙara faɗi yake. Na koma na nuna, aka duba aka ce wataƙila jini ne ya taru.

A nan gizo yake saƙar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na masu kamuwa da cutar Lyme suna yin wannan tabo, kwana 3 zuwa 30 bayan cizon. Hotunan da ake liƙawa a bangon asibiti kuwa kusan duk na jan zobe ne ras a kan farar fata. A jikinmu jan ba ya fitowa, sai dai duhu-duhu ko ruwan ƙasa. Gwajin jini kuma a makonnin farko yana iya cewa babu, domin ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake nema, shi kuwa sai an ɗan jima yake bayyana. Ke nan a wannan gaɓar tabon shi ne shaida. In likita ya gane shi, maganin kwana 10 zuwa 14 ya wadatar. In ido bai saba ganinsa a baƙar fata ba, lokacin da abin ke da sauƙi ya wuce. Wannan na cikin dalilan da suka sa a ƙasar nan baƙaƙe suka fi zuwa asibiti bayan cutar ta riga ta yi nisa.

Zazzaɓi ya tafi da kansa, tabo ya dishe, na ce an rabu. Ashe da sauran rina a kaba.

Sanyi na fara shigowa gwiwata ta hagu ta kumbura suntum. Ciwon bai kai kumburin ba, amma ta ƙi lanƙwasuwa. Sujada ta gagara, zaman tahiya ba a ma magana, na koma salla a kujera a jerin dattawa. Hajiyarmu ta bugo waya daga gida: "Ɗan nan, sanyi ne. Ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ina ƙashi zai zauna lafiya? Ka gasa, ka shafa man kaɗanya." Na gasa, na shafa. Likita ta biyu ce ta yi tambayar da ba wanda ya yi: ina kake yini lokacin zafi? Da na ambaci lambu da tabon, ta zuƙe ruwa mai gurɓi, rawaya-rawaya, daga gwiwar da sirinji, ta tura jini. Wannan karon sakamako ya fito ɓaro-ɓaro: Lyme ce.

Ta ce da irin gwiwata aka fara gano cutar. A 1975 yara da dama a garin Lyme na jihar Connecticut suka yi ta kumburin gaɓoɓi, sai a farkon shekarun 1980 Willy Burgdorfer ya gano bakteriyar a cikin kaska, aka sa mata sunansa, Borrelia burgdorferi. Daga ɓerayen daji kaskar ta fi ɗauko ta. CDC na ƙiyasta mutum kusan 476,000 ake yi wa maganinta duk shekara a Amurka, amma a masallacinmu mutum biyu ko uku ne kawai suka taɓa jin sunanta.

Doxycycline, maganin kashe bakteriya, aka rubuta min, miligiram 100 safe da yamma, na kwana 28, yadda ake yi in ta kama gaɓa. Maganin yana da sharuɗɗansa. Ba a haɗa shi da madara ko nono ko maganin ƙarin jini, don suna hana jiki shanye shi, sai shayin safe ya koma ruwan bunu. Ana sha da ruwa kofi guda cur, kuma ba a kwanciya nan take. Ranar da na haɗiye shi na miƙe a gado na ji yadda yake ƙona maƙogwaro. Yana kuma sa rana ta ƙona fata, har tamu.

Abin da ya fi wuya bayan ƙarewar ƙwayoyin ne. Kumburi ya ragu amma bai tafi duka ba, ga gajiyar da barci ba ya sauke ta. Mutum a wannan halin kowa likitansa ne. A intanet akwai masu cewa cutar na nan a ɓoye, sai an shekara ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ana ƙarin ruwa, a biya su maƙudan daloli. 'Yan'uwa kuma ga habbatus sauda, ga zuma, ga tafarnuwa. Na nemi a sake gwada jinina in ga ko na warke, likitar ta ce ɓata kuɗi ne: gwajin kan ci gaba da nuna alama shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Ta ce wani lokaci akan ƙara zagaye na biyu in gwiwa ta ƙi saɓewa, amma binciken da aka yi kan shan maganin wata da watanni bai nuna amfani ba, illa ma yake jawowa. Zumar na sha, don ba ta hana komai. Waɗancan masu ƙarin ruwan kuwa, a ganina cinikin tsoro suke yi. Masu gashin ƙashi ne suka dawo min da gwiwar, da motsa jiki kaɗan-kaɗan, har na sauka daga kujera kafin azumi. Gajiyar ta fi daɗewa.

Lambun ban bari ba, sai dai wanda ya yi cutar sau ɗaya yana iya sake kamuwa. Yanzu ƙafar wando cikin safa take, kayan aikin an fesa musu maganin ƙwari permethrin. Ina dawowa sai wanka, kayan kuma su yi minti 10 cikin zafin na'urar busarwa. Da dare a duba hammata, bayan gwiwa, cibiya, bayan kunne da cikin gashin yara, domin galibi sai kaskar ta wuce awa 24 a manne kafin ta zuba cutar. In an same ta, ba kananzir ba ashana: a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe. A yankuna irin namu likita na iya ba da doxycycline sha ɗaya na rigakafi in an je cikin awa 72 da cire ta.

Bana wani ɗalibi ɗan Zinder ya nuna min duhu a damtsensa bayan sallar Juma'a. Na ce masa: "Ƙanina, zagaye bakinsa da biro, ka ɗauki hoto a hasken rana, gobe ka sake ɗauka. In ya tsallake layin, ka je asibiti da hotunan, ka ambaci Lyme da bakinka, ka faɗi dajin da ka shiga."