Zaibar da ke tashi daga tsofaffin wuraren wankin zinare

Duk wanda ya san Anka da Bagega ya san labarin dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Zaiba kuwa, wato ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ake kira mercury da Turanci, ba a cika maganarta ba, alhali da ita ake kama zinare.

Wani ƙanena ya yi aikin. Yakan zuba ta a kwanon garin dutse, ya murza da hannunsa, ya matse a ƙyalle, sannan ya ƙona ɗan dunƙulen a cokali bisa garwashi. Zaiba ta bi iska, zinare ya saura.

Ni wadda ta zube a ƙasa ce ta fi damuna. Ba ta jiran wuta kafin ta yi tururi, zafin rana ya ishe ta. Tulin ƙasar da aka wanke aka watsar yakan yi shekara da shekaru yana sakinta, musamman da bazara, ko idan yayyafi ya jiƙa busasshiyar ƙasa. Tururin ba wari, ba launi, ga shi ƙwaƙwalwa da ƙoda yake ci. A kan irin tulin nan yara ke wasa.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 don rage amfani da zaiba, amma har gobe ba ta wuyar samu a hannun dillalan zinare.