Abin da Rubuta "Xmas" Ya Koya Mini a Wurin Ɗab'i

Ina aikin tsara rubutu a wani wurin ɗab'i a Kaduna, kuma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba yawancin aikin da yake shigowa hannuna na Kirsimeti ne: katunan gaisuwa, kalandun majami'u, takardun tsarin sujada, da kyallayen tallar 'yan kasuwa. A Turanci sunan bikin haruffa tara ne, Christmas, idan aka taƙaita shi zuwa Xmas sai ya koma huɗu, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cusa gaisuwa da sunan kanti da lambar waya a kan kyalle mai faɗin mita ɗaya ya san darajar haruffa biyar. Saboda haka na daɗe ina amfani da taƙaitaccen sunan a aikin 'yan kasuwa, ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Wadda ta fara tsayar da ni wata dattijuwa ce, shugabar matan zumunta a wata majami'a, da ta zo duba samfurin katin da suka ba mu. Ta ɗora yatsa a kan harafin X ta ce, "Ɗana, wa ya soke sunan Yesu a nan?" Na ce, "Mama, ba sokewa ba ce, taƙaitawa ce don wuri ya yi kaɗan." Ta ce ita tun tana firamare abin da malami yake zana wa wannan alama shi ne amsar da ba daidai ba, don haka a rage girman furannin, a rubuta sunan a cike. Haka aka yi. Ni Musulmi ne, kuma ban ga dalilin jayayya da mutum a kan sunan da yake girmamawa ba.

Bayan ɗan lokaci wani limamin Katolika ya kawo aikin kalanda, a jikin hoton da ya ba ni kuwa akwai wata alama mai kama da X da P a sarƙe. Da na tambaye shi, ya ce ai waɗannan ba haruffan Turanci ba ne, na Helenanci ne, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Na farkon ana kiransa "khi", furucinsa ya yi kusa da na harafin "kha" na Larabci, na biyun kuma "ro" ne, wato R. Su ne haruffa biyu na farko a kalmar Khristos, wato Kristi ko "Christ" ɗin da ke farkon Christmas, wadda take nufin shafaffe, ma'ana ɗaya da Almasihu. Daga nan na shiga bin diddigin maganar da kaina, kuma abin da na tarar ya fi abin da nake zato tsufa nesa ba kusa ba.

Masu kwafar littattafan Kirista na farko ba su cika rubuta sunaye masu tsarki a cike ba. Sukan ɗauki harafin farko da na ƙarshe na kalmomin Allah, Ubangiji, Yesu da Kristi, su ja layi a samansu, domin mai karatu ya gane cewa ya iso suna na musamman. Haka abin yake a tsohon kundin Littafi Mai Tsarki na Sina'i, wanda aka rubuta a ƙarni na 4, wanda mafi yawansa yake ɗakin karatun Birtaniya a Landan. Ita kuwa alamar da na gani a hoton, ta shahara ne tun zamanin Sarkin Rum Kwanstantin, wanda aka ruwaito ya sa an zana ta a garkuwar sojojinsa kafin yaƙin gadar Milbiyan a shekarar 312. A Ingila an sami sunan bikin rubuce da waɗannan haruffa biyu a littafin tarihin mutanen ƙasar wajen shekarar 1100, an kuma sami wani salo mai farawa da X kaɗai a 1551. Ashe dai malaman majami'a ne da kansu suka kawo taƙaitawar, tun kafin a san injin ɗab'i balle allon talla.

Da wannan ilimi a hannu na so in ɗauka cewa magana ta ƙare, amma aikin ya nuna mini akasin haka. Mai karatu ba ya karanta tarihin harafi, abin da idonsa ya saba da shi yake karantawa. Marubucin ƙarni na 4 yana ganin X ya furta Khristos. Ɗan kasuwar yau yana ganinsa ya ce "Eksmas", to a bakinsa kam sunan ya fita da gaske, ko da yake ba nufinsa ba ke nan. Wannan ne ya sa ƙorafin bai tsaya ga dattijuwar nan ba. A Amurka, gwamnan jihar New Hampshire, Meldrim Thomson, ya fitar da sanarwa a 1977 yana roƙon 'yan jarida su daina rubuta shi haka, kuma a 2005 mai wa'azi Franklin Graham ya bayyana shi a matsayin yunƙurin cire sunan Yesu daga bikin. Ta fuskar tarihi hujjarsu ba ta tsaya ba, amma abin da suke gani a kasuwa gaskiya ne, domin wurin da aka fi cin karo da taƙaitaccen sunan a yau shi ne tallar ragin farashi. Manyan kafofin labarai da dama ma suna umartar ma'aikatansu su rubuta shi a cike, su kuma dalilinsu na kyan rubutu ne, ba na addini ba.

Abin da ya sauƙaƙa mini fahimtar ɓangarorin biyu shi ne muna da irin wannan muhawara a gida. Kullum ina buga S.A.W. bayan sunan Manzon Allah a littattafan Hausa, masu kawo aikin kuma mutane ne masu ƙaunarsa, ba wanda zai zarge su da raini. Duk da haka malamin hadisi Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245, ya yi gargaɗi a kan taƙaita salati a rubuce, har yau kuma akwai malaman da suke mayar mini da aiki su ce a rubuta shi cikakke. Ban taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu wuri ya yi kaɗan ba.

Yanzu tsarina a bayyane yake. Aikin majami'a da katin gaisuwa ina rubuta sunan a cike, sai idan mai aikin ne ya nemi a taƙaita, kuma nakan tambaya tun kafin in fara tsarawa, domin sake buga kati ɗari biyar asara ce da ba mai son ɗauka. A tallar kanti nakan bar zaɓi ga mai kanti, amma ina gaya masa cewa cikin masu sayen kayansa akwai waɗanda harafin zai ɓata wa rai. Idan kuma wani ya zo da zafi yana cewa maƙiyan addini ne suka ƙirƙiro shi, nakan nuna masa alamar da ke jikin kalandar limamin nan, in faɗa masa asalinta a taƙaice, wasu su gamsu, wasu su ce duk da haka ba sa so. Idan rubutun na Hausa ne, ba na taƙaitawa ko kaɗan, domin babu X a haruffan bokon Hausa, kuma Kirsimeti ba ta da wani gajeren salo da masu karatu suka sani, don haka sai dai in rage girman haruffan "Barka da Kirsimeti" ko in raba gaisuwar layi biyu.