Kahin ka buɗe baki gaban mai gyaran haƙori

Jama'a yau kam maganar haƙori nike son mu yi, don abin ya daɗe yana cina a rai. Anan Yamai wuraren gyaran haƙori sai ƙaruwa suke, kusan ko wace kartiye ka shiga zaka ga allo da hoton farin haƙori yana walƙiya, kuma ni wallahi ina murna da haka, don dai da can in haƙori ya tasa mutum gaba sai dai ya tahi babban asibiti ya yi layi tun asuba, ko ya cusa kanumfari cikin kogon ya yi ta haƙuri. Amma tambayar da ba mu yi ita ce, waɗanga ƙarahunan da za a sa min a baki, bakin wa sunka hito kuma mi anka yi musu kahin su zo gareni?

Mu dai in munka shiga wuri munka ga karo a ƙasa, ga kilim yana hura sanyi, ga mutum da farar riga, shikenan hankali ya kwanta. To ba nan tsabtar take ba. Aikin haƙori aikin jini ne, ko wankin haƙori kawai anka yi maka dasashi yana iya zubda jini, balle cirewa. Kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wanda yankinmu na cikin wuraren da ya hi yawa a duniya, tana iya yin kwana 7 ko hiye a busasshen jini bisa ƙarhe tana nan da ranta, ido bai ganin komi. Ta hi ƙwayar sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba, amma mu sida kawai muke tsoro. Shafa alkol da auduga bai isa ba, tsomawa cikin ruwan jabel ma matakin farko ne kawai.

Yadda ƙa'ida ta ce, in an gama da mutum a jiƙa kayan cikin maganin kashe ƙwayoyi, a wanke su da buroshi, a busar, a sa cikin leda ta musamman a liƙe, sannan a sa cikin na'urar da ake cewa otokilab, wadda ke dafa su da tururi mai matsi a zahin digiri 121 ko 134. Ledar nan akwai ɗan tambari jikinta da ke canza launi in zahin ya kai gareta, don Allah in kun je ku duba, kuma gabanka ya kamata a yage ta. Wasu wuraren tanda mai busasshen zahi suke da, pupinel, ita ma tana aiki amma sai kaya sun yi awa 2 a digiri 160 ko awa 1 a digiri 170, kuma lissahin yana farawa ne bayan zahin ya kai. To ku duba yadda ake ɗauke muna wuta lokacin bazara, in wuta ta tahi tsakiyar aiki dole a sake daga farko, mai gaggawa da mutane cike da benci kuwa in ba mai tsoron Allah ba ne cewa zai yi ai ya yi zahi, a kawo. Har ɗan injin nan mai ƙara da ake haƙar haƙori da shi, kansa ya kamata a cire a dafa bayan kowane mutum don yana iya zuƙo yawu da jini ciki in an tsaida shi, kuma yana da tsada shi ya sa wuri mai guda ɗaya tak abin dubawa ne. Allura da ƴar kwalbar maganin kashe zahi mutum ɗaya ake wa aiki da su a jefa cikin kwalin nan na allurai, safar hannu ma haka.

Sai maganar takardu, wadda nasan wasu zasu ce ai wanga duk bokon banza ne in dai mutum ya iya hannu. Ni ban yarda ba. Wanda zai buɗe kabine, wato wurin gyaran haƙori na kanshi, dole ya kasance ya yi karatun aikin yana da difloma, sunanshi na cikin rajistar ƙungiyar masu aikin da doka ta kafa, kuma ma'aikatar kiwon lahiya ta ba shi izinin buɗewa. Amfanin haka a gareka ne, in wani abu ya faru akwai inda zaka kai kuka, akwai wanda za a kira a tambaya. Wanda ya shimfiɗa tabarma ranar kasuwa a ƙauyukan Ader da filaya da kwalbar haƙoran da ya cicciro yana nunawa, gobe ina zaka ganshi? Kuma akwai wata rikitar da ke faruwa, mai ƙera haƙoran roba sana'arshi daban, ƙerawa anka koya mishi, bai kamata ya zauna yana yi wa mutane allura yana cire haƙori ba. Haka masu sa haƙorin Makka, in an fere lahiyayyen haƙori an kifa mishi ƙarhe bai zauna daidai ba, ruɓa ke shiga ƙarƙashi ba ka sani ba sai wari da ciwo sun taso.

Ni abin da nike gane lokotoron kirki da shi, tambaya yake kahin ya taɓa ka. Kina da ciki? Kana da ciwon suga ko tansiyo? Kana shan maganin tsinka jini? Akwai sikila? Wani magani ya taɓa sa ka ƙaiƙayi ko kumburi? Ya rubuta cikin dosiye ya aje, in da buƙata ya tura ka radiyo a ɗauki hoton haƙorin, kuma ya gaya maka gaskiya in haƙorin zai gyaru ba sai an cire ba, tare da kuɗɗin tun kahin a fara. Ko cikon kogo akwai zance, wancan mai launin azurfa kusan rabinshi zaiba ce, shi ya sa ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya sunka yi kan zaiba, ƙasashe sunka amince daga baya a guje shi ga yara ƴan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Iyaye mata kuna da haƙƙin ku ce a sa ma yaro cikon mai farin launi.

Mu ma da namu laihin, haƙori na ciwo sai mu sayi amoksisilin wurin masu tallan magani bisa kai mu sha kwana biyu mu bari, wasu har ruwan batir suke ɗigawa, subhanallahi. Maganin bai toshe kogo, ruɓar tana nan, kuma in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa zuwa wuya yana iya toshe numfashi, mutum ya rasu saboda haƙori guda. In ka ga kunci ya kumbura da zazzaɓi, baki bai buɗuwa ko haɗiya ta gagara, kar a jira sahiya, a wuce asibiti.

Nasan kuɗɗi ke kai mutane wurin masu arha, talauci ba ƙarya ba ne, kuma can wajen Tawa mutum sai ya yi tahiya mai nisa kahin ya samu likitan haƙori na gaske. Shi ya sa nike roƙon hukuma ta kai ma'aikata da kujerun aiki asibitocin gundumomi, masu bincike kuma su riƙa shiga kabine ba sanarwa, su buɗe otokilab ɗin su gani ko yana aiki, su duba littahin da ake rubuta kowane dahi, su ga inda ake kai allurai da audugar jini, su tambaya ko ma'aikatan sun yi rigakahin ciwon hanta. Wanda kuma ya san an taɓa cire mishi haƙori a irin wuraren can, don Allah ya tahi a auna jininshi, gwajin ciwon hanta B ba shi da wuya, in babu kuma ya yi rigakahin, allura 3 ce.