Abin da dabino ya gyara mini a karatun falsafa

Na shiga karatun ra'ayoyin magabata kan tsirrai da wani zato a raina, cewa malaman Musulmi kwafar Girkawa kawai suka yi. Kuma da farko kamar na yi gaskiya. Aristotal ya ce tsiro yana da rai, amma mafi ƙanƙantar rai: yana ci, yana girma, yana haihuwa, sai dai ba ya jin komai. Saiwa ce bakinsa, wato kansa yana cikin ƙasa. Da na buɗe Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sai ga waɗannan ƙarfi uku sak. Na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Malaminmu bai yi mini musu ba. Cewa ya yi in je in karanta wasiƙun Ikhwanus Safa, ƙungiyar malaman Basra ta ƙarni na 10, in dawo.

Su jera tsirrai suka yi hawa-hawa. A can ƙasa akwai ɗan koren nan mai kama da gansakuka, wanda da kyar ya fi ƙasa da dutse. A can sama kuwa dabino, har suka kira shi tsiro mai dabbanci. Hujjarsu ce ta tsayar da ni: dabino yana da namiji daban da mace daban, macen ba ta ba da 'ya'yan kirki sai an yi mata barbara, kuma in aka sare kansa ya mutu. Alhali Aristotal ya ce a tsirrai namiji da mace a haɗe suke. Gaskiya ne ɗalibinsa Tiyofarastus ya bayyana yadda ake kaɗa furen namiji a kan mace, amma mutanen Basra a cikin gonakin dabino suke kwana suke tashi, shi ya sa suka ɗauki abin da muhimmanci har suka gina masa matsayi.

Ni ma na san wannan tun ina yaro a Dutse. Na sha tsayawa a gindin dabino ina kallon mai hawa ya cusa reshen furen namiji cikin na mace, ya ɗaure, garin furen yana zubo masa a hannu. Ban taɓa haɗa shi da falsafa ba sai ranar. Na koma na yage shafuka huɗun farko na aikina, na sake su daga kan dabino.